Cipin Ba Tsakuwa Ba Ne

Da muka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa, kuɗin mai sun sa kowa gini. Sai aka miƙa ni ga Kawu Ilu, magini a unguwar Borokiri, mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya samo laifi a ciki.

Wata la'asar ya ce in ɗebo cipin a kwanon sarki. Ni mai taƙama da bokon aji uku cur, na dubi tsibi biyu da tifa ta juye, na ciko wanda ya fi kyan gani.

"Malam Bature, mene ne wannan?"

"Tsakuwa, Kawu. Ai duk dutse ne."

"Duk dutse ne? To."

Ya zuba tsakuwar a hagu, cipin a dama, ya ce in durƙusa, kowace gwiwa da rabonta.

"Tsakuwa ruwa ya goge ta. Cipin inji ya fasa shi, haƙora gare shi, shi ke kama siminti. Wanne ke cizonka?"

"Na dama, Kawu."

"Zauna nan sai ka haddace."

Ya rasu da daɗewa. Ina ce masa Allah ya jiƙansa, amma gwiwar dama har yau ba ta cewa amin.