Rijiyar da Shinge Ya Ratsa

Ku yaran yanzu ba ku da sana'a sai baki. Kun zauna kuna musu kan yaƙin mutanen Koriya, wai waɗannan manyan ƙasashe sun taimaki wannan ɓangare, waɗancan sun taimaki wancan, har da tafi kamar masu kallon kokawa. Wanda bai taɓa ciyar da 'yan gayya ba shi ke kiran wannan taimako. Ku buɗe kunnuwanku.

Wa da ƙane ne suka gaji garkar albasa, rijiya ɗaya a tsakiya, jigon ɗebo ruwa ɗaya. Wan ya ce shi ne babba, ban ruwan safe nasa ne. Ƙanen ya ce tasa albasar ma da safe take jin ƙishi. Maganar da za ta mutu a bakin akushi ɗaya, sai wan ya naɗa rawani ya tafi ƙauyen gabas ya gayyato 'yan tauri su razana masa yaro. Da ƙanen ya ji kiɗa, ya nufi yamma ya kwaso maharba. Abin da wan ya manta, ƙauyukan nan biyu tun kakanni suke neman inda za su gwada ƙwanji, kowa ba ya so a yi a gonarsa. To ga fili ya samu. Suka yi ta artabu cikin fangalin albasa, in sun gaji su zauna su ce a kawo abinci, don ɗan gayya ba ya aiki da yunwa. Wan ya yanka zakara, ya bi da kaji, har ya kai ga tunkiyar matarsa. Babban 'yan tauri kuwa yana suɗe hannu yana cewa, "Kwantar da hankalinka, mai gida, muna bayanka har ƙarfinmu ya ƙare." Rumbu ne ya riga ƙarewa.

Da abinci ya yanke a gidajen biyu, sai baƙin suka ga ashe sulhu alheri ne. Suka zauna su kaɗai, ba a ko kira masu garkar ba, suka yanke a raba daidai. Aka ja shingen ƙaya ta tsakiya, ya bi ta kan bakin rijiyar, ko guga ba ya shiga sai ya yage. Jigon kuma aka faskara aka dafa musu abincin sallama da hatsin rance. Suka kama hanya da ƙiba, suna ta yi wa juna ba'a.

Yau daga rafi wan yake ɗauko ruwa a ka, sawu goma kafin hantsi, har sanƙo ya fito masa. In zai gaida ɗan'uwansa kuwa, sai ya yi ɗage ta saman ƙaya. Dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.