Ramin da Ya Girmi Duniya

Tun da hukuma ta soke tsohuwar ƙidaya, shekarar duniya goma sha tara, kuma ba abin da ya isa ya girme ta.

Ran Talata jami'i ya zo marinar Korau da sojoji.

"Tsoho, yaushe aka haƙa ramin nan?"

Da Korau ya ce shekara ta ɗaya, da an wuce wurin. Amma bakinsa ya saba da kirarin gidansu.

"Kakan kakanninmu ya haƙa, yau shekara ɗari bakwai."

Gindin bindiga ya zubar masa da haƙora. Aka danna kansa cikin ruwan rini.

Da aka ɗago shi, ya gane mai dannawar. Jatau ne, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Gemunsa fari fat, katin ƙirjinsa na cewa shekara goma sha tara.