Ƙusoshin Ƙyauren Maƙera

Mijinyawa, masinjan Baturen da ke sauka a barikin Gwarzo, ko sallama bai yi ba. Ya sunkuci awartakin Haladu maƙeri, ya hau zare ƙusoshin ƙyauren gidan su Haladun, mutanen Kabo sun yi cirko-cirko suna kallo. Ƙusoshin suna ta fitowa salin-alin, har yana yaba ƙarfin damtsensa.

Ƙusoshin gidan nan fa ba na wasa ba ne. Kakan Haladu ne ya ƙera su da tama tun Bature bai san hanyar Kano ba, baƙaƙe ƙirin, kowanne kansa ya kai goro. Wanda ya gaji maƙera, shi ke gadonsu.

Haladu ya zube yana birgima. "Ranka ya daɗe, bara ka zane Baba a tsakiyar kasuwa don aikin gwamnati ya makara, bai ƙara tashi ba. Su kaɗai ya bar mini!"

"Ka je kabarinsa ka kai ƙara," in ji Mijinyawa, ya ɗaure kayansa ya hau doki.

Shi Baturen, mutum ne mai haukan tsofaffin kaya. Ya daɗe yana cigiyar ƙusar gargajiya da zai haɗa tsanin da yake hawa saman soro ya sha iska da bazara. Mijinyawa ya zube su gabansa, ya dafa ƙirji, ya rantse gadon gidansu ne, shi da kansa ya tsaya musu. Sunan Kabo ko na magani bai fito daga bakinsa ba. Aka ba shi sabuwar jar hula.

Kafinta ya yi ƙorafi wasu sun ɓalle tun a wajen bugu. Mijinyawa ya zare masa ido. "Ka taɓa ganin tsoho marar giɓi? Buga a hankali!"

Tsani ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar da Bature ya gayyato hakimi ya nuna masa, ya hau yana taƙama, lofe a baki. Yana gab da ƙarshe aka ji ƙas! Sai ga Bature, ga lofe, ga matakala, kowa ya kama hanyarsa.

Ƙafar Bature ta karye gida biyu. Aka tambayi mai ƙusoshi. To, wa ya dafa ƙirji? A kasuwar Gwarzo aka tuɓe wa Mijinyawa hula da riga, dogarai suka more hannunsu, aka tasa ƙeyarsa kurkukun Kano yana ihun sunan Haladu, ba mai saurare.

Da labari ya iso Kabo, Haladu ya shiga rumbu ya fito da wani ƙunshi, ya mayar wa ƙyaure ƙusoshin kakansa yana fito. Waɗancan kuwa shi ya ƙera su da ya ji cigiyar Bature, ya tsunduma su jajir cikin ruwan sanyi har suka koma masu ɓallewa kamar alewa, ya kafa su a ƙyauren a madadin na kakansa, sannan ya tura aka raɗa wa Mijinyawa inda suke.