Tururuwa a Makewayi

"Hansai, zo ki gani!" Uwaisu mahauci ya ƙwala wa matarsa kira. Tururuwa ta yi dandazo inda ya yi fitsari a makewayin gidansu na Agege. Haka ciwon sukarin mahaifinsa ya fara, har aka yanke masa ƙafa. Shi kuwa, ɗan shekara ashirin da shida, ƙwayar sukari bakwai yake jefa wa shayi.

Ya cusa sabuwar naira a aljihu, sai asibiti.

Ya dawo jiki a sanyaye, Hansai ta tuntsire da dariya. "Maigida, ni na barbaɗa sukari a wurin, don ka tsorata ka rage."

Ya miƙa mata takardar gwaji. "To jinin da likita ya ɗiba fa? Shi ma ke kika barbaɗa masa?"