Ranar da Tsallen Ya Tsaya

Bugun ya tsaya ƙarfe bakwai da minti uku na safe. Na ajiye kofin shayi, gabana ya faɗi.

Wata shida ke nan tsohuwar malamar da ke zaune a samana tana tsalle a kan ɗan faifan motsa jikin nan mai sifirin. Kullum daga ƙarfe bakwai na safe, minti goma cur, silin ɗakina yana girgiza. Sau biyu ina kai ƙararta wurin mai gidan. Amma ba ta taɓa katsewa a tsakiya ba.

Na haura a guje. "Mama! Mama, buɗe!" Shiru. Ni da mai gadi muka ɓalle ƙofar. Tana kwance a ƙasa, bakinta ya karkace. Muka ɗauke ta, sai asibiti.

A asibiti likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da sai dai wani labarin.

Da bakinta ya buɗe na tambaye ta, "Mama, wai tsallen nan yana ƙara lafiya kuwa?"

"Oho, 'yar nan," ta ce a hankali. "Ni kaɗai nake zaune. Ina yi ne don ranar da na faɗi, wani ya ji shirun."