Fuskar da Kyamara Ta Riƙe

Ku yaran yanzu kun iya latse-latse, amma ba ku iya kunya ba. Kun ɗauka duk abin da ba ya ƙara ba ya tona asiri. To ku nutsu ku ji abin da ya sami Dogo mai hoto.

Su uku ne a tsohon ɗakin wanke hoto da ke bayan shago, ɗakin da ko taga babu. Tsoho, mai shagon kuma surukin Dogo, ya tokare ƙofa da kujera ya zauna a kai. 'Yarsa Auta, matar Dogo, tana gaban kwamfuta. Shi kuwa Dogo yana tsaye yana murza kunnensa na hagu mai lanƙwasa, kamar yadda ya saba in ya rasa mafita.

Shekara shida ke nan da ya zo shagon da jaka ɗaya, ya ce shi maraya ne, ba uwa ba uba. Tsoho ya ba shi aiki, ya ba shi ɗaki a saman shago, daga baya ya ba shi 'ya. Duk abin da Dogo ya mallaka a ƙarƙashin rufin nan yake, kuma kalma ɗaya daga bakin Tsoho ta isa ta raba shi da shi.

Dogo ne ya nace aka sayi sabuwar kyamara, irin babbar nan marar madubi a ciki. Auta ta so ta don ba ta da nauyi, wuyanta ya huta. Tsoho ya ƙi ta tun ranar farko, wai kyamarar da ba ta cewa ƙyas ɓarauniya ce, gara mutum ya ji an ɗauke shi. Dogo kuma abin da ya ruɗe shi shi ne da kanta take neman idon mutum ta kama, ta narkar da duk abin da ke gaba da bayansa. Ranar da aka kawo ta ya fita da ita wuni guda, wai gwaji. Ko da ma duk ƙarshen mako yakan ɓace haka, wai gwajin gilashin kyamara.

Sai ga bikin yaye ɗaliban makarantar koyon jinya, aikin da shagon ya riƙe shekara ashirin. Da Dogo ya ji zauren taron da aka kama bana, sai ya ce kansa na ciwo. Gwiwar Tsoho ta kumbura, Auta tana jego. Dole ya tafi. Ya yi aikin cikin gaggawa, yana ɗaga kyamara sama da kansa yana latsawa, bai duba ko hoto ɗaya ba. Ya ce ai ita ba ta kuskure.

Yanzu ga hotunan a gabansu. Shugaban makaranta yana miƙa takardar shaida, fuskarsa dishi-dishi kamar an hango shi ta cikin tururi. Ɗaliba ma haka. Amma a bayansu wata tsohuwa mai shara, cikin shuɗiyar rigar aiki, da bokiti a hannu, ta fito tar, har furfurar girarta ana gani. Hoto na gaba, ita. Na gabansa, ita. Tana gyara kujera, tana goge tebur, kanta a sunkuye, kamar mai gudun haɗa ido da wani.

“Da budurwa ce da na san abin yi,” in ji Auta. “To wannan kuma fa, maigida?”

“Na'ura ce ta rikice.”

“Jiya ka ce ba ta kuskure,” in ji Tsoho. “Ka san matar?”

“Baba, ina zan san mai shara?”

Auta ta jawo kyamarar ta shiga latsawa. Ta ce, “Baba, ana iya koya mata fuska. In ta riƙe mutum, ko cikin dubu ta gan shi sai ta bar kowa ta bi shi.”

Dogo ya dubi ƙofa. Tsoho bai motsa ba.

Auta ta buɗe wurin fuskokin da aka koya wa kyamarar, fuska ɗaya ce rak a ciki. Matar nan ce, amma ba rigar aiki. Tana zaune a bakin gado cikin wani ƙuntataccen ɗaki, tana ƙyalƙyala dariya ga wanda ke riƙe da kyamara. Tsoho ya sa tabarau, ya ce a ƙara girman hoton. Ya daɗe yana duban gefen kanta. Sannan ya tashi, ya janye kujerarsa, ya fita.

Makaranta ta kai aikinta wani shago. Dogo ya haɗa jakarsa yana jiran kora, kuma wallahi da korar ta fi masa sauƙi. Tsoho bai kore shi ba. Ya sa aka wanke hoton mai bokitin, tsawon mutum, aka kafa shi a bango daidai saman teburin da Dogo ke karɓar baƙi. Ya kuma gindaya sharaɗi ɗaya: duk wanda ya tambaya, Dogo ne zai amsa, da ƙarfi, yadda za a jiyo daga ɗakin baya.

Hoton ya yi kyau, ba mai shiga ya ƙi tambaya. Shekara biyu ke nan, sau goma a wuni, wani zai ɗaga kai ya ce wace ce wannan baiwar Allah mai lanƙwasasshen kunne, shi kuma maraya sai ya miƙe tsaye ya ce, “Uwata ce.”