Keke a Bayan Kujera

Ƙofar jirgin ba ta da faɗi, don haka sai da Malam Ɗanbala ya kwance tayar gaba kafin kekensa ya shiga. Ya jingine shi a bayan kujera, ya ɗaure da igiyar roba, ya girgiza ya ji ko zai motsa.

Ɗan ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, irin na feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Yana tsaye a wani fili a bayan Birnin Kudu, ciyawa ta kai rabin tayoyinsa. Ɗanbala ya zagaye shi kamar kullum, ya shafa fiffike, ya kankare gidan zanzaro daga gindin farfela.

Dada mai nono ta biyo ta wurin da ƙwaryarta a ka. Ita kaɗai ke ratsa filin.

"Malam, yau ina aka nufa?"

"Maruta, Inna. Wurin ƙanwata."

"Da wannan hadarin?"

Ya dubi gabas. Sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen Gwaram.

"Yau ce ta ƙarshe," in ji shi. "An sayar da shi."

Dada ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ƙara sauri.

Ya shiga ya ja ƙofa, ya ɗaura bel. Kujerar gefensa babu kowa. Matarsa Juwairiyya ta taɓa zama a kanta sau ɗaya, tana ta dariya tana cewa ita dai kada a tashi da ita. Ta rasu bara. 'Ya'yansu suna Kano, sai da salla suke kiran waya.

Ya yi bisimilla, ya kama sitiyari.

Iska ta fara dukan jirgin ta gefe. Fiffiken hagu ya ɗaga, na dama ya sunkuya. Ruwa ya kece, gilashi ya rufe, ba ya ganin komai sai fari fat. Keken ya shiga buga ƙarfe a bayansa. Aradu ta faɗi kusa, jirgin ya yi tsalle, ruwa ya fara ɗiga a gwiwarsa.

"Yi haƙuri, tsoho," ya ce wa jirgin. "Saura kaɗan."

Bai saki sitiyarin ba har hannuwansa suka sage. Sannu a hankali girgizar ta lafa, gilashi ya washe.

Ya sauko, ƙafarsa ta nutse a taɓo. Ya fito da keken, ya mayar da tayar, ya ɗaure ƙullin kayansa a baya. Wata babbar mota tana jira a bakin filin, da mutane riƙe da guduma da zarton ƙarfe.

"Baba, kai ne matuƙin?" shugabansu ya tambaya.

Ɗanbala ya girgiza kai, ya miƙa masa makullin ƙofar, ya tura kekensa zuwa titin Gwaram. Tafiya ce mai nisa kafin Maruta. Bai waiwaya ba da ya ji gudumar farko.

Shi dai gadi aka ɗauke shi tun yana da baƙin gashi, ranar da aka cire injin jirgin aka tafi gyara, kuma babu wanda ya sake dawowa.